Likita ya ce meniskos ɗin gwiwata ya yage, dole ne sai an yi tiyata?

ƊanLamba8 ya rubuta:

Assalamu alaikum jama'a. Dan Allah shawara nake nema wajen waɗanda suka san abin ko suka taɓa shiga irin halin da nake ciki. Shekarata 33, ƙwallo nake ɗan bugawa ƙarshen mako, ba wai sana'ata ba ce. Yau sati biyar kenan, na tare ƙwallo na zo juyawa, ƙafar dama ta kafe a ƙasa jikina kuma ya riga ya juya, sai na ji wani abu ya ce ƙas a cikin gwiwa ta ɓangaren ciki. Ban faɗi ba, har na ƙara kamar minti goma a fili ina ɗingishi kafin na fita. A daren ba ta wani kumbura ba, sai da gari ya waye na ga ta yi suntum ta ƙi lanƙwasuwa.

Na je asibiti aka yi hoton ƙashi aka ce babu karaya, aka ba ni magani, kumburin ya ragu amma ciwon bai tafi ba, sai aka tura ni MRI, wato hoton da ke nuna nama da jijiyoyin ciki. Sakamakon ya nuna wai meniskos na ciki ya yage ta baya, jijiyar ACL da ke tsakiyar gwiwa tana riƙe ƙasusuwan kuma lafiyarta ƙalau. Likitan ya ce in na ga dama a yi aiki da kyamara, in na ga dama in fara da fisiyo, wato gyaran gaɓa ta hanyar motsa jiki, ni kuma wallahi na fito ban fahimci komai ba saboda ya yi sauri kuma na ji nauyin yawan tambaya.

Yanzu dai ina tafiya a miƙe ba matsala sosai, amma saukowa daga bene, tsugunne, ko fitowa daga mota in na murɗa ƙafar, sai in ji kamar an soka min allura. Da daddare in na kwanta ta gefe gwiwoyin suka haɗu ma tana damuna. Wasu abokai na cewa in yi aikin kawai in huta, wasu na cewa duk wanda aka taɓa masa gwiwa da wuƙa ya gama ƙwallo. Shi wannan meniskos ɗin menene ma? Yana warkewa da kansa? Kuma in na jira, ba zan ƙara ɓata shi ba?

AntinFisiyo ta rubuta:

Wa alaikumussalam ƙanena, sannu, Allah ya ba ka lafiya. Aikina kenan gyaran gaɓoɓi da motsa jiki, kuma irin gwiwarka kusan kullum sai na gani, to bari in yi maka bayani a tsanake tunda ba ka samu a can ba.

Meniskos wani guringuntsi ne mai tauri kamar roba, siffarsa kamar jinjirin wata, yana zaune tsakanin ƙashin cinya da ƙashin ƙwauri. Guda biyu ne a kowace gwiwa, na ciki da na waje. Ƙarshen ƙashin cinya a mulmule yake, saman ƙashin ƙwauri kuma kusan a shafe, to shi ne ke cike gurbin ya sa su zauna daidai, ya baza nauyin jiki kada ya taru wuri ɗaya, kamar dai shokozoba a mota. Na ciki ya fi yawan yagewa saboda a ɗaure yake da jijiyoyin gefen gwiwa, ba ya iya gocewa in an murɗe shi, na waje kuwa yana da ɗan sararin motsi. Yadda ka ba da labarin nan, ƙafa a kafe jiki ya juya, kumburi sai washegari, haka yake zuwa sak. Da ACL ce ta tsinke da yawanci cikin awa ɗaya ko biyu gwiwar ta cika, kuma da wuya ka ƙara minti goma a fili. Hoton ƙashi kuma ba ya nuna guringuntsi, shi ya sa ba a ga komai ba sai a MRI.

Maganar warkewa da kansa, ya danganta da inda ya yage. Jini ba ya shiga meniskos gaba ɗaya, bakinsa na waje ne kawai yake samu, wajen kashi 10 zuwa 30 cikin ɗari na faɗinsa, likitoci na ce masa jan yanki. Can ciki kuma farin yanki ne, babu jini, kuma abin da jini ba ya kai wa ba ya haɗewa. Yagewar da ke jan yanki tana iya haɗewa, ko da kanta in ƙarama ce ko in an ɗinke. Ta farin yanki ba ta haɗewa, amma, kuma nan ne mutane ke ruɗewa, rashin haɗewar ba ya nufin ciwon zai dawwama. Mutane da yawa yagewar tana nan a hoto har abada amma gwiwar ta yi shiru, kumburi ya sauka, tsoka ta yi ƙarfi, sun koma harkarsu.

Tambaya ɗaya nake so ka amsa min kafin komai, don ita ce ke raba hanya: gwiwar tana kullewa? Ba tauri nake nufi ba. Ka kwanta rigingine ka miƙe ƙafafu biyu, bayan gwiwar dama yana sauka ya taɓa katifa kamar na hagu, ko akwai wani abu da ya tokare ta ƙi miƙewa ko ka danna? Kuma ta taɓa maƙalewa kana tafiya sai da ka girgiza ƙafar kafin ta saki? In eh, wannan ba ta jira ba ce, ka koma wajen likitan ƙashi cikin kwanakin nan. In a'a, to kana da lokaci, kuma ni a ganina ka ba motsa jiki wata uku na gaskiya kafin ka yanke hukunci, tiyatar ba gudu za ta yi ba.

MaiKeke_77 ya rubuta:

Ɗan'uwa ka riƙe tambayar da Anti ta yi maka da kyau, ni ita ce ta same ni. Tawa ba a ƙwallo ba ce ma, a tsugunne nake ina gyara tayar keke na miƙe da sauri na juya in ɗauko sifana, shikenan gwiwar hagu ta tsaya a lanƙwashe, na yi na yi ta ƙi miƙewa, kamar an sa dutse a bakin ƙofa. Kwana tara ina tafiya a kan yatsun ƙafa ina cewa za ta saki. Da aka yi MRI aka ce irin yagewar nan ce da ake kira hannun bokiti, wato guringuntsin ya tsage a tsaye ta tsawonsa, ɓallin kuma ya kifo tsakiyar gaɓa kamar yadda hannun bokiti ke kifawa ɗaya gefen, shi ne ya tokare. Likitan ya ce da na ƙara jan lokaci ɓallin zai iya lalacewa ya ƙi ɗinkuwa sai dai a yanke.

Aikin da kyamara ake yi, ƙananan huji biyu a gaban gwiwa, ɗaya na kyamara ɗaya na kayan aiki, tabon yanzu ko tsawon farce bai kai ba. Amma abin da nake so ka sani shi ne aikin iri biyu ne kuma mutane na haɗa su wuri ɗaya. Akwai datsewa, a yanke ɓangaren da ya yage a gyara bakin, wannan cikin kwanaki kana takawa, sati huɗu zuwa shida wasu sun koma wasa. Akwai kuma ɗinki, shi aka yi min, kuma shi ne mai wahalar jinya. Sati shida ina kan sanduna da abin ɗaure gwiwa, an hana ni lanƙwasa ta ta wuce yadda take in mutum ya zauna a kujera, tsugunne kuwa sai bayan wata huɗu, gudu sai a wata na biyar. Cinyata ta rame har sai da na tsorata da na ga bambancinta da ɗayar. An kuma faɗa min tun kafin a shiga cewa ɗinkin ba kullum yake kamawa ba, kusan ɗaya cikin huɗu ko biyar yakan sake buɗewa. Nawa alhamdulillah ya kama, shekara uku kenan, ina hawa keke ina komai.

In har ta kai ka ga aiki, ka tambayi likitan ƙarara: datsewa za ka yi ko ɗinki, in datsewa ne nawa za a cire, in ka shiga ka ga zai ɗinku za ka ɗinke? Kar ka ji nauyi, ƙafarka ce.

MamanBiyu ta rubuta:

Sannu ɗana, Allah ya sawwaƙe. Ku yi haƙuri in shigo da tawa a nan tunda maganar ɗaya ce. Ni shekarata 56 kuma ban faɗi ba ban murɗe ba, haka kawai gwiwa ta fara ciwo ta ciki wajen wata shida, wani lokaci bayanta ya kumbura kamar ƙwai. MRI ya ce meniskos ya yage har da zaizayewar gaɓa kaɗan. To ni ta ina ya yage ban sani ba? Kuma ni ma aikin za a yi min?

Malam_Nazari ya rubuta:

Mama taki daban ce da ta wannan matashin, kodayake sunan ɗaya. Shi nasa lafiyayyen guringuntsi ne ƙarfi ya yaga, naki kuwa shekaru ne, guringuntsin yana bushewa yana rage danƙo har ya fara tsagewa da kansa kamar tsohon takalmin roba, wani lokaci tashi daga kujera ma ya isa. Kuma abin ya yi yawa fiye da yadda ake zato. A 2008 an fitar da wani bincike da aka yi a garin Framingham na Amurka, aka ɗauki MRI na gwiwar mutane kusan dubu masu shekara 50 zuwa 90, ba tare da la'akari da ko suna ciwo ko ba sa yi ba. A mata masu shekara 50 zuwa 59 kashi 19 cikin ɗari an ga meniskos ɗinsu ya yage ko ya lalace, a maza masu 70 zuwa 90 ya kai kashi 56. Abin da ya fi ɗaukar hankalina, kashi 61 na waɗanda aka ga yagewar ba su ji wani ciwo ko tauri a gwiwa ba a watan da ya gabata. Kin ga kenan ganin yagewa a hoto ba shi ke tabbatar da cewa ita ce ke kawo ciwon ba, sau da yawa zaizayewar gaɓar ce.

Sai kuma wanda aka yi a Finlan aka buga a 2013, mutum 146 masu shekara 35 zuwa 65 masu irin yagewar shekaru. Duka aka shiga da su ɗakin tiyata aka sa kyamara, rabi aka datse musu meniskos da gaske, rabi kuma aka yi kamar ana yi, har ƙarar na'ura suna ji, amma ba a yanke komai ba, kuma babu wanda ya san wanne aka yi masa. Bayan shekara ɗaya duka ɓangarorin sun samu sauƙi kuma sauƙin daidai yake. An yi wasu a Amurka da Nowe da Holan inda aka gwada tiyata da motsa jiki, sakamakon ya zo kusan haka, a 2017 kuma wani kwamitin masana ya fitar da shawara a mujallar likitoci ta BMJ cewa kada a riƙa yi wa masu ciwon gwiwa na shekaru aikin kyamara. To Mama in gwiwarki ba ta kulle ba, hanyarki motsa jiki ce, da rage nauyi in akwai ƙiba, don kowane kilo ɗaya da ya sauka yana rage wa gwiwa kusan kilo huɗu a kowane taku. Kumburin bayan gwiwar nan kuma yawanci ruwan gaɓa ne ke taruwa can in gwiwa ta fusata, in ta lafa shi ma yakan ragu, amma ki nuna wa likita ya tabbatar.

Abu ɗaya da zan ware: akwai yagewar da ke faruwa a jijiyar da ta riƙe meniskos da ƙashi ta baya, ana ce mata yagewar saiwa, tana yawan samun mata masu irin shekarunki, sau da yawa da wani ƙas farat ɗaya a bayan gwiwa. Ita wannan tana sa guringuntsin ya daina aikinsa gaba ɗaya kuma akan duba yiwuwar gyara ta, don haka ki tambaya ko taki ta shafi saiwar.

Kai kuma ƊanLamba8, har irin shekarunka an gwada. A Denmak an ɗauki matasa 121 masu shekara 18 zuwa 40, wasu aka yi musu aiki da wuri wasu aka sa su motsa jiki na sati 12 ƙarƙashin kulawa, an buga a 2022, bayan shekara babu wani bambanci na a zo a gani, kuma kusan ɗaya cikin huɗu ne kawai na masu motsa jikin suka koma aka yi musu aiki daga baya.

ƊanLamba8 ya rubuta:

Kai jama'a na gode ƙwarai, wallahi yau na fahimci abin da ke cikin ƙafata. Anti na gwada yanzun nan, tana miƙewa har ƙasa daidai da ta hagu, sai dai ɗan ja da nake ji a ƙarshe, kuma ba ta taɓa maƙalewa ba, wani lokaci dai tana ɗan yin ƙara. Amma abin da ke ci min rai, na tuna Luis Suarez an yi masa aikin meniskos a watan Mayun 2014, ko wata ɗaya ba a yi ba ya ci Ingila ƙwallo biyu a gasar cin kofin duniya. To in datsewar nan haka take da sauri, me zai sa in zauna wata uku ina ɗaga ƙafa a kan tabarma?

AntinFisiyo ta rubuta:

Alhamdulillah tunda tana miƙewa, wannan labari ne mai daɗi, ƙarar kuma in ba ta zo da ciwo ko maƙalewa ba kar ta dame ka.

Maganar Suarez gaskiya ce, amma shi mutum ne da gasar duniya ke gabansa, da likitoci da masu fisiyo a kansa safe da yamma, ya sayi sauri ne da wani yanki na guringuntsinsa. Abin da aka datse ba ya sake tsirowa ƙanena. Duk abin da aka cire, nauyin da yake ɗauka yana komawa kan santsin da ke lulluɓe da ƙashi, kuma shi ne ke zaizayewa ya zama amosanin gaɓa nan gaba. Da can cire meniskos ɗin ake yi ɗungurungum, ana ganin ba shi da wani amfani, sai a 1948 wani likita a Ingila mai suna Fairbank ya nuna a hoton ƙashi yadda gaɓar ke matsewa tana lalacewa bayan an cire. Tun daga nan ake ta komawa ga a bar duk abin da za a iya bari. Kai shekara 33 gare ka, wannan gwiwar muna fata ta yi maka wata shekara arba'in ko hamsin. Kuma in kana kallon ƙwallo ka san Ansu Fati, meniskos na ciki ya yage masa a Nuwamban 2020, sai da aka shiga gwiwar fiye da sau ɗaya, bai dawo fili ba sai Satumban 2021. Tiyata ba kullum take tafiya yadda aka tsara ba ko a wajen masu komai.

Ga yadda nake fara wa mutane irinka, amma ka samu mai fisiyo ya gan ka ido da ido ya daidaita maka. Sati biyun farko burinmu kumburi ya sauka, tsokar gaban cinya ta farka, don ita ce ke fara mutuwa in gwiwa ta kumbura. Ka zauna ka miƙe ƙafa, ka naɗe ƙaramin tawul ƙarƙashin gwiwa, ka danna shi ƙasa har ka ga ƙoƙon gwiwar ya ja sama, ka riƙe daƙiƙa biyar ka saki, sau goma, ka yi haka zagaye uku. Sai ka kwanta ka ɗaga ƙafar a miƙe sambal kamar tsawon taku ɗaya daga ƙasa ka sauke a hankali, saukewar ta fi ɗagawar muhimmanci. Sai jan diddige zuwa ɗuwawu kana kwance don lanƙwasawa ta dawo. In ta kumbura bayan nan, ƙanƙara a cikin tawul minti 15 zuwa 20, kar ka ɗora ta kai tsaye a fata, ka ɗaga ƙafar sama da ƙirji.

Daga nan sai keken motsa jiki da sirdi a sama, ɗaga ƙugu kana kwance, zama da tashi daga kujera ba tare da dafa hannu ba, hawa matakala ɗaya da saukowa a hankali, tsayuwa da ƙafa ɗaya. Ƙugu da ɗuwawu kar ka raina su, in suna da rauni gwiwa ke faɗawa ciki ta danne daidai inda ke maka ciwo. Gudu a miƙe sai kumburi ya tafi gaba ɗaya kuma kana iya sauka daga bene ba ciwo, juye-juye da yanka da ƙwallo su ne na ƙarshe. Tsugunne har ƙasa da murɗa jiki a kan ƙafar da ke kafe, ka ajiye su tukuna, fitowa daga mota ma ka juyo da ƙafafu biyu tare sannan ka miƙe. Da daddare ka sa filo tsakanin gwiwoyi.

Ma'aunin da za ka riƙe shi ne washegari. Ɗan ciwo lokacin motsa jiki ba laifi, in gari ya waye gwiwar ta koma yadda take to ka ci gaba har ka ɗan ƙara, in ta wayi gari a kumbure ka yi yawa, ka rage amma kar ka daina. Sannu ba ta hana zuwa.

Maganin ciwo irin su ibuprofen da diclofenac suna taimakawa na ɗan lokaci, amma mai olsa ko ciwon ƙoda ko hawan jini ya tambayi likita tukuna, kuma dan Allah kar ka sha don ka samu ka buga wasa, ciwon ne ke gaya maka iyakarka. Mama, ke ma duk waɗannan motsin sun shafe ki, sai dai ki fara da kaɗan, allurar da ake yi a gaɓa kuma sauƙin makonni take bayarwa, ba ta ɗinke komai.

Abubuwan da za su sa ka bar jira ka koma asibiti: gwiwar ta kulle ta ƙi miƙewa, ko ta riƙa sakinka kana tafiya kamar za ka faɗi, ko ta yi ja da zafi da zazzaɓi, ko sharaɓarka ta kumbura tana ciwo, wannan na ƙarshen a ranar za ka je don yana iya zama gudan jini. In kuma ka yi wata uku da gaske ba fashi amma har yanzu ciwon nan mai kama da sukar allura yana damunka a wuri ɗaya, ka koma da hoton MRI ɗinka ku zauna da likitan ƙashi, a lokacin aikin yana da hujja, kuma za ka shige shi da cinya mai ƙarfi wanda hakan ke sa jinya ta yi sauƙi.

ƊanLamba8 ya rubuta:

Na gode Anti, Allah ya saka da alheri, ku ma MaiKeke da Malam haka. Na samu mai fisiyo zan fara zuwa ranar Litinin, kuma na rubuta tambayoyin da zan koma wa likita da su, ko yagewar a jan yanki take ko fari, wace iri ce, kuma ko mai ɗinkuwa ce in ta kai ga haka. Na gwada na tawul ɗin nan yanzu, sau bakwai na yi cinyar ta fara rawa, ta hagu kuwa ko a jikinta, ashe har ta yi rauni haka cikin sati biyar ban lura ba. Mama Allah ya ba mu lafiya baki ɗaya, in kin fara naki ki dawo ki faɗa mana yadda ake ciki.